Hoton Bayan Duna

"Adda, in Kaka Mahmuda ya ja mini baya, ni ma zan daina tahiya kamar Duna?"

A gaban Inna ta yi wannan tambayar. Inna tana dama fura a ƙofar ɗaki, ni ina tsugune bakin murhu ina hura wuta. Ban ɗago ba. Inna ce ta daka mata tsawa, ta ce ta rufe baki, wa ya taɓa haɗa ɗan Adam da kare. Yarinyar ta juya fuskarta wajen bango. Hayaƙi ya rufa mini asiri, don duk wanda ya ga idona a lokacin zai ce itacen ne ɗanye.

Na ga sababbi sun shigo cikin wannan rukunin namu na waya, bari in sake faɗin ko ni wace ce. Sunana Hamsatu. Muna zaune a gefen Kore Mairuwa, inda gidaje suke ƙarewa garkunan tumaki su fara. Mijina Shu'aibu ya rasu bara waccan, ya bar mini ɗiya guda, da ƴan tumaki, da baƙin karen da yake tsaronsu, Duna. Ɗiyar nan ita ce ƴar farina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban manya, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Na kakanni ne. Shi ya sa take ce wa mahaifiyata Inna, ni kuma take ce mini Adda, kamar yayarta. Ku zan rubuta muku sunanta, Rumaisa'u, tunda rubutu ne. Bakina bai taɓa furta shi a inda kunne zai ji ba. "Ke" nake cewa, ko "waccan".

Ranar Lahadi Baba, mahaifina, ya ɗoro harawa a amalanke daga gona, ya ɗora yarinyar a can sama tana murna. Wajen gangarowa kwazazzabo jakin ya razana, amalanke ya kife. Ita ta faɗo da baya a kan tsandauri. Duna kuwa, da ma a ƙarƙashin amalanke yake tafiya saboda inuwa, ƙarfe ya danne shi a tsakiyar baya. Ta tashi ta tako har gida a karkace, tana riƙe da ƙugu. Shi da ƙafafun gaba ya jawo kansa. Amma na gani da idona, da ta kira sunansa ya kaɗa mata wutsiya, har ya yunƙura ya ɗan dogara da ƙafar baya ta dama kafin ya zube. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kun san Nuraddeen, mai shagon siminti da katako a bakin kwalta, wanda yake nemana. Wandonsa ba ya wuce idon sawu, gemunsa a gyare, turarensa yana riga shi shiga zaure. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma duk zuwa sai ya riƙo wa yarinyar biskit. An tsayar da Juma'ar nan za a kawo goro. Mahaifinsa shi ne Baba Mahmuda maɗori, kuma ba zan rage masa komai ba: hannunsa ya gyara ƙashin rabin garin nan, har da hannun yayana da ya karye a kokawa. Daga Tibiri ake zuwa wurinsa, daga Ɗan Kassari ake zuwa.

Ranar Litinin ya zo yi mana jaje. Ya ga yarinyar tana kuka a kan karen, tausayi ya kama shi, ya ce albarkacin marainiya zai duba shi, abin da bai saba yi ba. Ya naɗe hannuwansa da tsumma. Baba ya riƙe Duna ta gaba, shi ya kama ƙafafun baya ya ja, ya sa gwiwa ya danna tsakiyar bayan. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Duna ya yi kuka sau ɗaya. Baba Mahmuda ya wanke hannu ya ce ƙashi ya koma wurinsa, jijiya ce ta yi barci, za ta farka. Ita kuma yarinyar a bari kumburi ya sauka, zai dawo Laraba da la'asar ya ja nata.

Tun daga wannan lokacin wutsiyar Duna ta zama kamar igiya. Fitsari yana zubo masa bai sani ba. Yarinyar ta kira shi har muryarta ta dishe, ido kawai yake ɗagowa.

Safiyar Larabar ce ta yi waccan tambayar. Da Inna ta zagaya bayan gida na matsa kusa da tabarmarta kamar zan ɗauki ƙwarya, sai ta riƙo bakin zanena ta ce a hankali kiyashi yana tafiya a cikin ƙafafunta. Na yaye mayafin, na duba tsakanin yatsu, na kakkaɓe tabarma. Babu kiyashi ko ɗaya.

Na gwada, kada ku ce ban gwada ba. Na sami Inna na ce, ina kallon ƙasa, da an kai waccan gidan likita an ɗauki hoton bayanta. Inna ta ajiye ludayi ta dube ni kamar na fito tsakar gida ba zane. Ta ce tun yaushe na fara sa baki a maganar ƴar fari, ko mutuwar miji ce ta cire mini kunya. Ta ce Baba ya riga ya yanke: suruki ya sa rana, a ɗauki yarinya a kai wa wani kafin ranar, daidai yake da a tofa wa hannunsa yawu, ga goro jibi.

To ni mace ce mai lissafin abin da zai yiwu. Ba ni da bakin yin magana a kan ɗiyata, amma babu wanda ya hana gwauruwa damuwa da karen mijinta. Kuma na san Baba. Makiyayi ne. Likita zai yi ta yi masa bayani har rana ta faɗi yana gyaɗa kai bai yarda ba, amma abin da ya gani a jikin dabba ba ya musunsa. Mutum ne da yake feɗe rago da hannunsa, ya san gaɓoɓin ƙashin baya, ya san farar lakkar da take ratsa tsakiyarsu.

Na ɗauko waya na rubuta wa Madam Zalihatu, likitar dabbobi ta Dogon Dutsi da take zuwa yi wa tumakinmu allura. Na ba ta labarin duka. Nan take ta amsa da saƙon murya. Ta ce kada a ɗauki karen a hannu, kada a lanƙwasa shi, a zame shi a kan katako. Sannan muryarta ta canza, ta ce yarinyar fa, ai ita ya kamata a fara kawowa. Na rubuta mata cewa hanyar kawo yarinyar ce nake nema. Ta turo kalma ɗaya: "Dakor," wato ta yarda.

Sai Nuraddeen.

"Salamu alaikum. Ina neman alfarma. Mota nake so zuwa Dogon Dutsi yanzu."

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lahiya? Yarinyar ce?"

"Duna ne."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Hamsatu, kin san matsayina a kan kare."

"Na sani. A baya zai kwanta. Ni zan wanke motar."

Na sa hijabina mai ruwan toka a kan atamfar da na kwana da ita. Sannan wayar ta yi ƙara: "Ga ni nan."

Tsohon ƙyauren ɗakin awaki muka cire. Baba ya taya ni zame Duna a kai yana dariya, yana cewa ko Shu'aibu bai kai kare likita ba, zamani ya zo da abin kallo. Nuraddeen yana tsaye can gefe ya tattare bakin jallabiyarsa. Kafin in fita na leƙa ɗaki na ce wa yarinyar kada ta tashi ko don fitsari, ga kwano nan. Na ce wa Inna zan dawo kafin la'asar.

Zan faɗi alherinsa. Tafiyar da ake yi a guje, a hankali ya yi ta, yana kauce wa kowane rami, yana duba madubi. Manyan motoci suna ta danna masa oda bai kula ba. Mun yi nisa kafin ya yi magana. Ya ce shi kansa bai yarda da tofin da mahaifinsa yake haɗawa da ɗori ba, sun sha yin gardama a kai, amma ɗorin kansa gado ne, kuma Allah ya sa masa albarka. Na ce haka ne. Sannan ya ce, idonsa a kan hanya:

"Ba don karen munka hito ba, ko?"

Na gyara hijabina. Shi kuwa bai juya motar ba.

Madam Zalihatu gajeruwa ce, da farar riga a kan doguwar rigarta da tabarau rataye a wuya. A bayan motar ta fara duba shi. Ta shafa bayansa da yatsa biyu har ta zo inda ya yi tudu, ta tsaya. Ta taɓa mararsa ta ce fitsari ya cika, ba ya iya sakinsa da kansa, ambaliya kawai yake yi. Sannan ta ɗauko wani ƙarfe mai kama da almakashi ta matse yatsan ƙafarsa ta baya, matsa mai ƙarfi har na runtse ido. Ƙafar ta motsa.

Na ce Alhamdulillahi, ya ji.

Ta girgiza kai. Ta ce kada in kalli ƙafar, in kalli fuskarsa. Ta sake matsawa. Ƙafar ta sake janyewa, amma Duna yana kallon wata kaza da take wucewa, ko kunne bai motsa ba. Ta ce ƙafa tana iya zillewa da kanta ko saƙo bai kai kai ba. Kare mai jin wannan matsar zai juyo, zai yi kuka, zai nemi cizo. Wanda bai juyo ba, zafin bai isa gare shi ba, wato hanyar ta yanke a wani wuri. Saura a ga wurin.

Ita ba ta da injin ɗaukar hoto. Wani abokinta likitan mutane ne yake da shi a kilinik ɗinsa, ya yarda mu shigo ta ƙofar baya da tsakar rana lokacin da babu marasa lafiya. Ta yi wa Duna allurar da ta sa ya lafa, aka shimfiɗa leda a kan tebur, aka zame shi daga ƙyaure ba tare da an ɗaga tsakiyarsa ba. Aka fitar da mu waje. Nuraddeen ya tafi masallacin da ke kusa ya yi azahar ya dawo, ni na yi tawa a barandar.

Da aka kira mu, hoton yana kan allon kwamfuta, baƙi da fari. Ban taɓa ganin cikin halitta mai rai ba. Ga haƙarƙari kamar haƙoran mataji, ga ƙashin baya a jere kamar ƴaƴan carbi. Na bi jerin da ido daga wuya, lafiya, lafiya, sai a tsakiya na ga carbin ya tsinke. Rabin gaba yana sama, rabin baya ya zame ƙasa, ba su kallon juna.

Madam ta sa biro a kan allon. Ta ce radiyo, wato wannan hoton, ƙashi kawai take nunawa, lakka ba ta fitowa a ciki. Wanda yake son ganin lakkar kanta sai babban inji irin na Yamai. Amma ta ce in dubi wannan siririyar hanyar da take ratsa cikin gaɓoɓin, nan lakka take bi. Ta bi ta da biro har bakin karayar, ta ɗaga biron, ta sauke shi can ƙasa inda hanyar ta ci gaba. Ta ce abu mai laushi kamar ɓargo ba ya tsallake irin wannan gocewar ya rayu. In an haɗa da matsar da bai ji ba, ita ba ta ga alamar zai sake takawa ba.

Nuraddeen ya matso, ya manta da jallabiyarsa har tana taɓa ledar. Ya tambaya ko amalanken ne ya yi haka.

"Amalanke ya karya, wannan ba shakka," in ji ta. "Ko a lokacin ya goce ko daga baya, hoto ba ya hwaɗin wannan, ni ma ba zan ɗora wa kowa ba. Amma Hamsatu ta ce ran Lahadi an kira shi ya kaɗa wutsiya. Karen da bayansa yake haka ba ya jin kira ya kaɗa wutsiya."

Ta ƙara da cewa ƙashin baya da ya tsage bai goce ba kamar tulu ne mai tsaga, yana iya riƙe ruwa in an bar shi a zaune. Ja da danna su ne abin tsoro. Sai ta juyo gare ni ta tambaya ko yarinyar tana jin wani abu a ƙafafu. Na ce kiyashi. Ta cire tabarau ta ce yau za a kawo ta, a kwance, kuma kada hannun kowa ya taɓa bayan.

Ba ta rufe baki ba ƙaramar wayar Inna ta kira ni. Da fara'a take magana. Ta ce Baba Mahmuda ya iso, an yi masa rasuwa a Tibiri zai wuce ta'aziyya, shi ya sa ya ce bari ya gama da jikarsa tukuna. Har an ɗora man shanu a wuta. Ta ce in sayo mata kanwa in zan dawo.

Na miƙa wa Nuraddeen wayata. Na ce ya kira mahaifinsa.

Ya dubi wayar, ya dubi allon. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ce in yi haƙuri mu kama hanya yanzu, zai same shi a keɓe ya yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce ba zai iya gaya wa mahaifinsa irin wannan magana ta waya ba, a gidan surukai, a gaban mutane. Na gane shi, wallahi na gane shi. Amma man shanu ba ya daɗewa kafin ya narke, kuma tsakaninmu da gida tafiya ce.

Na ɗauki hoton allon da wayata. Madam ta karɓa ta zagaye wurin karayar da jan layi. Baba yana da babbar waya da yayana ya aiko masa, da ita yake tura hotunan raguna ga masu saye. Na tura masa. Sannan na danna wurin murya.

"Baba, ga bayan Duna. Ka dubi inda anka zagaye, kai ka san abin da ke bi ta nan. Ran Lahadi shina kaɗa wutsiya, kai ma ka gani. Baba, Rumaisa'u ta ce kiyashi na tahiya cikin ƙafafunta. Rumaisa'u ɗiyata ce. Ban yarda a ja ta ba."

Na saki. Sunan ya fita daga bakina sau biyu, kuma na san a fili Baba yake buɗe saƙo, kowa na tsakar gida zai ji, har da baƙon.

Alamar ta zama shuɗiya. Ya buɗe. Na tsaya ina kallon wayar, ina jin injin sanyaya ɗaki yana gurnani, ina ganin tsakar gidanmu a idona: tabarma, kaskon mai, yarinyar a kife, wani ya riƙe hammatarta. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira.

Sai saƙonsa ya shigo, gajere, muryarsa a ƙasa kamar ya koma gefe.

"Na gani. Ko rago na buɗe na iske haka, na san ya ƙare. Ba mai taɓa ta. Ku zo da ƙyauren."

Na zauna a ƙasan kilinik ɗin mutane.

Sauran labarin daga Inna na ji shi ta waya, tana kuka tana faɗa. Wai Baba ya miƙa wa Baba Mahmuda wayar da hannu biyu, ya ce ya duba. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya mayar, ya ce shi bai san ɗori da hoto ba, kuma a shekarunsa ba a taɓa auna hannunsa da kare ba. Ya sa takalmi ya fita, ko man bai ɗauka ba. A zaure ya ce maganar goro a dakata. Inna ta ce na ji daɗi, na kira sunan ƴar fari a gaban suruki, na kunyata ta a garin nan har ta mutu.

Ina cikin sauraronta wayar Nuraddeen ta fara ƙara. Na ga sunan a kan gilashin: Baba, wato mahaifinsa. Ya bar ta tana yi har ta katse. Ta sake farawa. Ya kife ta a kan tebur, ya tambayi Madam ko katako mai faɗin ƙyauren nan ya isa, don yana da sabo a shago, ba sai an ɗora yarinya a inda kare ya kwanta ba. Madam ta ce ya isa, ta kuma kira wani likitan mutane ya gaya mana yadda za a zame ta a kai, da yadda za a tare wuyanta da ƙugunta da zannuwa. Duk tsawon hanyar komawa wayar tana ƙara a aljihunsa. Bai ɗauka ba, bai kashe ta ba, kuma bai ce mini komai a kan Juma'a ba. Ni ma ban tambaya ba.

Duna yana wurin Madam. Ta ce akwai allurar da za ta hutar da shi, amma ba za ta yi ba sai na ce. Na roƙe ta ta ba ni kwana biyu. Da muke ɗora yarinyar a mota ta tambaye ni ina yake, na ce yana gidan likita, ita ma can za ta. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban san me zan ce gobe ba.

A kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan. An shiga da ita ɗakin hoto, sun ce in jira. Kafin a tura ta likitan ya matsa babban yatsan ƙafarta, ni kuma ban kalli ƙafar ba, fuskarta na kalla. Ta yamutsa fuska ta ce, "Adda, da zahi." Ban taɓa jin daɗin kukan ɗiyata ba sai yau. Abin da hoton zai nuna ban sani ba. Baba yana zaune can ƙarshen bencin da sandarsa, bai dube ni ba tun da muka iso. Nuraddeen ya fita waje da wayarsa, wannan karon ya ɗauka, kuma har yanzu bai dawo ba.

Ke uwa da kike karanta wannan, da ke nake. In ɗanki ya faɗo da baya, ko ya tashi ya taka, kada ki bari a ja shi, kada a danna, kada a zaunar da shi a kan babur. Ki kwantar da shi a kan abu mai tauri a kai shi a ɗauki hoto, ko da mai hannun surukinki ne, ko da goronki ne zai koma. In kuma ɗan fari ne, kada ki tsaya neman kare kamar yadda na yi. Ni na ci sa'a Baba ya buɗe saƙon kafin mai ya narke. Ki buɗe baki ki kira sunansa tun da safe.